Huda ta Goma Sha Uku

Aikin Auta a ofishin taswira shi ne huda titi. Duk wanda ya faɗa wa haka sai ya dube shi sau biyu, don mutum ne siriri mai gilashi wanda bai taɓa ɗaga diga ba a rayuwarsa. A kwamfuta yake hudar, yana zaune ƙarƙashin wata fanka mai kuka, da kofin shayi a gefen hagu.

Ga yadda aikin ya samo asali. Shekara biyu da suka wuce wani jirgin sama ya yi mako guda yana shawagi a kan garin yana auna ƙasa. Ya yanka ta ƙanana-ƙanana kamar tayil ɗin ɗaki, kowane yanki da lambar tsayinsa. Kwamfuta ta haɗa lambobin nan ta fitar da taswirar tudu da kwari, wadda za ka zuba mata ruwan sama na ƙarya ta nuna maka da shuɗin launi inda zai bi da inda zai kwanta. Sai dai jirgi daga sama yake kallo. Bai san akwai kwalbati a ƙarƙashin titi ba, a wurinsa duk titin da aka ɗaga bango ne mai tare ruwa. Don haka dole wani ya zauna ya bi titunan ɗaya bayan ɗaya, duk inda aka san akwai kwalbati ya ja ɗan layi ya buɗe wa ruwa hanya. Auta ne wanin, kuma yana ji da kansa a kan haka fiye da kima.

Wata uku kafin abin da za a ba da labari, yayarsa ta zo ofishin da takardar fili a cikin jaka. Ma'aikaciyar jinya ce, ita ta riƙe shi tun yana firamare, kuma shekara goma sha bakwai ke nan tana zaman haya, ta tashi sau shida, har kujerunta sun san hanyar mota. Ta samu fili a bakin tsohon titi, kusa da unguwar da suka yi ƙuruciya, amma an ce mata ta bincika maganar ruwa kafin ta saya. Auta ya shigar da wurin a kwamfuta, ya zuba ruwansa, sai ga shuɗi ya kwanta male-male a kan filin, ya jingina da titi.

Bai ko girgiza ba. Ya san titin nan, ya kuma san kwalbatinsa, don a cikinsa ya taɓa maƙalewa yana ɗan shekara shida, Yaya ce ta jawo shi ta ƙafa, ta haɗa masa da rankwashi. Ya tuna mata, suka yi dariya. Ya duba lambobi ya ga gefen filin ya fi tsallaken titi tudu da santimita ashirin, kusan taƙi ɗaya. Ya ja layinsa, shuɗin ya zurare ta ƙarƙashin titi ya wuce tsallake, filin ya fito fes. Ya juyo mata da allon kwamfutar yana murmushi.

"Yaya, ki saya," ya ce.

Ta ce ita ba ta gane waɗannan launukan ba, kuma ba ta buƙatar ganewa tunda ya faɗa. Ta mayar da takardarta jaka ta tafi.

Ranar wata Juma'a da yamma shugaban sashensu ya kira shi. Ja-biro suke ce masa a bayan idonsa, saboda bai taɓa mayar wa mutum takarda ba tare da jan zane ba. Za a miƙa taswirar yankin gaba, in ji shi, kuma kowace huda sai da shaidarta, ko hoto ko lamba daga kundin ma'aikatar hanyoyi. Auta yana da huda goma sha uku a yankin. Goma sha biyu sun samu shaida. Ta goma sha uku ba ta cikin kundin, ba ta cikin tsohon kundin, ba ta ma cikin wanda ɓera ya ci rabinsa.

"Yallaɓai, na san kwalbatin nan. Na shiga cikinsa da kaina."

"Yaushe?"

Auta ya faɗi shekarar. Ja-biro ya cire tabarau ya goge, ya ce a wannan shekarar shi ma yana da gashi a kai. Sannan ya sa bakin biro a kan wani ɗan rubutu da ke ƙasan taswirar, wanda ya ce awon jirgi yana iya kuskure da rabin mita, sama ko ƙasa. Kowa a ofishin ya san da rubutun nan kamar yadda ake sanin takardar da ke cikin kwalin magani, ana ganinta ana jefarwa. Ya ce a kawo masa hoto ranar Litinin, in babu a toshe hudar.

Auta ya koma teburinsa ya toshe ta don ya gani. Shuɗin ya dawo ya kwanta a kan filin Yaya. Ya buɗe, ya tafi. Ya toshe, ya dawo. Ya yi haka ya fi sau goma, kamar wanda yake jiran kwamfutar ta gaji ta faɗa masa gaskiya. Tsoro ya kama shi sosai, don Yaya ta riga ta saya, an riga an haƙa ramin harsashi, kuma gobe Asabar da safe za a zuba kankare.

Washegari da hantsi ya isa filin. Komai ya kankama: ga yashi, ga tsakuwa, ga buhunan siminti an jera a kan katako, ga injin kwaɓa yana ta ƙugi. Ramin harsashin ya zagaye filin, an shimfiɗa rodi a ciki, tankar ruwa tana tsaye a bakin titi da tiyo a ƙasa. Yaya tana ƙarƙashin lema, daga aikin dare ta wuto ko gida ba ta je ba, amma fuskarta kamar an kunna fitila. Ta yi murnar ganinsa, ta ce ashe manyan ma'aikata suna tunawa da talakawa. Ya ce ya zo ganin aiki ne kawai, ya kuma tsani kansa da ya faɗi haka.

Ya zame ya bi gindin titin ta gefen filin, yana tafe yana leƙe. Babu bakin kwalbati. Jar ƙasa ce da ɓaraguzai da ciyawa, tun daga turken lantarki har kwanar titin. Ya dawo ya sake bi a hankali, yana tona ƙasa da tsinin takalmi. A tunaninsa kwalbatin yana daura da wata bishiya mai reshe biyu, to amma babu bishiyar, babu ma kututturenta. Shagon da yake tunawa a hannun dama yanzu yana hannun hagu, ko kuma wani shagon ne daban. Kansa ya fara ɗaurewa, har ya soma shakkar ko a wannan titin ya maƙale.

Ya tambayi maginin, wani dattijo mai fensir a bayan kunne. Magini ya ce shekararsa talatin yana bin titin nan bai taɓa ganin kwalbati a nan ba, sai dai can gaba wajen makaranta. Direban tanka ya ce akwai, amma an fasa shi lokacin da aka faɗaɗa titi. Wata mata da ke wucewa da kaya a kai ta ce ba a taɓa faɗaɗa titin ba, ɗaga shi aka yi. Kowa ya faɗi tasa da cikakken tabbaci, ya ci gaba da harkarsa, aka bar Auta a tsaye da waya a hannu.

Ya tsallaka titi. A can ƙasa ta gangara kaɗan, akwai rumfar mai faci, mutum gajere mai faɗin ƙirji yana danna tayar babur a cikin bahon ruwa yana neman kumfa. Auta ya yi sallama ya yi tambayarsa, wadda ta fara ba shi kunya.

"Kwalbati? Ai a kansa kake tsaye, Injiniya."

Auta ya ce shi ba injiniya ba ne. Mai faci ya ce duk mai gilashi da ke neman rami a wurinsa injiniya ne. Ya ɗaga wani tsohon kwanon rufi da ya jingina a bayan rumfa, ya ture tayoyi uku, sai ga baki na kankare, zagayayye, yashi ya cinye rabinsa. Ya fi wanda Auta yake tunawa ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ko akuya sai ta yi shawara kafin ta shiga. Amma shi ne. Daɗi ya rufe Auta. Ya durƙusa ya ɗauki hoto ta gaba, ta gefe, da mai faci a ciki, da babu shi.

A nan ya kamata ya tafi, don abin da Ja-biro ya nema ke nan, hoto, kuma ga shi. Sai dai ya haska fitilar waya a ciki ya ga duhu kawai, babu ɗigon haske a ɗaya ƙarshen. Rami mai baki ɗaya kuma me sunansa? Ya tambayi mai faci ta ina ruwa yake bi da damina, daga filin can ya fito nan, ko yaya, don a taswirarsu can ne tudu, nan ne gangare. Mai faci ya ce shi da ya ga hadari yake kwashe kayansa ya hau sama, bai taɓa tsayawa yi wa ruwa rakiya ba. Ruwa dai yana taruwa a nan, in an kwana biyu ya tafi. Ina yake tafiya? Wannan kuma sai a tambayi ruwan. Auta ya lalubi ƙuruciyarsa ko zai tuna, sai ya gane da rani kaɗai suke wasa a wurin, da damina ko ƙofar gida ba a barinsu su fita.

Ya koma wajen direban tanka ya roƙe shi arziki ya juyo da mota ya ba shi aron tiyo na minti goma. Direba ya yi ƙunƙuni ya ce ruwan kwaɓa ne. Magini ya ɗaga hannu ya ce a ƙyale shi, ƙanin mai gida ne, kuma masu ilimi ba a hana su wasa. Yaya ta hango motar tana juyawa ta tambaye shi da hannu ko lafiya, shi ma ya amsa da hannu cewa lafiya lau.

Aka zura tiyo a bakin kwalbatin. Kafin a buɗe, mai faci ya goge hannu a wando ya matso.

"Injiniya, me kake so ka gani? Ya shige, ko ya dawo?"

Auta ya gyara zaman gilashinsa. Gaskiyar magana bai yi tunanin ba. In ya dawo, wataƙila a toshe yake, wannan sharri ne. In ya shige, a buɗe yake, wannan alheri ne. Haka lissafin ya zo masa a gurguje, kuma ya ji akwai wani abu da ya karkace a cikinsa, amma ƙarar injin kwaɓa da zafin rana ba su bar shi ya kama bakin zaren ba. Ya ce a buɗe kawai.

Ruwa ya ɓarke da ƙarfi, ya wanke yashin bakin, ya shige. Auta ya ja baya yana jiran ya dawo masa kan takalmi. Minti ɗaya, minti uku, minti biyar. Ko ɗigo bai dawo ba, sai wani gurnani da ake ji daga ciki kamar maƙogwaron mai ƙishi. Ya yi dariya shi kaɗai, ya ce a buɗe yake, a buɗe yake. Har ya fara shirya yadda zai ajiye hoton a gaban Ja-biro ba tare da ya ce uffan ba.

Mai faci bai yi dariya ba. Ya karkata kai yana kallon tiyon.

"To ai ɗazu ka ce can ne tudu, nan ne gangare. A taswirar taku ruwa yana hawa tudu ne?"

Auta ya dubi ruwan, ya dubi titi, ya sake duban ruwan. Santimita ashirin. Rabin mita, sama ko ƙasa. Lambobin biyu suka tsaya masa a ƙirji, ya ga ƙaramar ta shige cikin babbar ta ɓace. Ya yi ƙoƙarin ya juya taswirar a kansa, ya sa gabas a yamma, ya ce wataƙila shi ne ya tsaya a gefen da ba daidai ba. Amma ga filin can, ga lemar Yaya, ga shi nan. Yana cikin wannan juye-juye ya ji magini yana ƙwala wa direba kira a rufe ruwa.

Bai san yadda ya tsallaka titin ba. Ma'aikata sun taru a kusurwar harsashi da ke kusa da titi, suna kallon ƙasa. Bangon ramin ya jiƙe ya yi duhu, ruwa yana tsattsafowa ta wurare uku, yana gangarowa ƙarƙashin rodi. Suna kallo wani ɓangaren ƙasar ya zame ya faɗa ciki, ya bar leɓen kankare a fili, zagayayye, kamu ɗaya da rabi a ƙarƙashin inda Auta ya yi ta tonawa da takalmi. Ruwan tanka ya ci gaba da bulbulowa ta nan, ja, da guntun robar taya a kansa.

Magini ya tsuguna ya ɗebo ƙasar ya murza. Ya ce ciko ne, duk filin nan ciko ne. Tun ranar da suka fara haƙa suke fito da fasassun bulo da leda, ya kuma faɗa wa Malama, ta ce masa ƙaninta ya duba a kwamfuta, wurin tudu ne. Bai faɗi haka da mugunta ba, ko kallon Auta bai yi ba. Auta dai ya fahimta, a makare. Kwari ne aka cika da ɓaraguzai kafin a sayar, jirgi ya zo ya auna saman cikon ya rubuta tudu. Kwalbatin da ya buɗe don ya kwashe ruwa daga filin Yaya, tun asali an gina shi ne don ya kawo ruwan tsallake nan.

Sai shawara ta ɓarke, kowa da tasa. Magini ya ce buhu biyu na siminti sun isa a toshe bakin nan a ci gaba da aiki, kankare ba ya jira. Mai faci, wanda ya biyo su da tsumma a kafaɗa, ya ce in aka toshe ruwan zai kwanta a gefensu ya shiga gidajen mutane, kuma shi da kansa zai zo da guduma. Direba ya ce a ɗaga harsashi kawai. Wani lebura ya ce ruwa ko an toshe shi yana bin tsohuwar hanyarsa ta ƙarƙashi, a gidan wansa haka bango ya tsage. Duk suka juyo suna kallon mai gilashi. Shi kuwa a kansa akwai taswira biyu, mai huda da marar huda, kuma yanzu ya san duka biyun ba su san wurin nan ba.

Yaya ta naɗe lemarta. Ta tako a hankali har bakin ramin, ta tsuguna, ta miƙa hannu ta taɓa jiƙaƙƙiyar ƙasar. Ta daɗe a haka. Can bayansu injin yana juya kwaɓin farko, lebura biyu suna tsaye da kwanon ɗiba suna jiran umarni.

"Auta," ta ce, ba ta ɗago ba. "Faɗa min da bakinka. A zuba, ko in ce su tsaya?"

Ya so ya ce sai an sake awo. Ya so ya ce a kawo na'ura a auna gefe da gefe, a duba ƙarfin ciko, a jira damina a gani. Duk gaskiya ne, kuma duk hanyar gudu ce, ya sani. Wata uku da suka wuce kalma biyu ya faɗa mata ba tare da ya ce wataƙila ba. Kunya da tausayinta suka kama shi.

"Ki ce su tsaya, Yaya."

Ta gyaɗa kai sau ɗaya. Ta miƙe ta ce wa magini a kashe inji, a rufe siminti da tamfol. Magini ya fara maganar kwaɓin da zai lalace, ta ce ta ji, a kashe. Aka kashe. Wurin ya yi tsit, sai ƙarar ruwan da ke ɗiga cikin rami.

Auta ya tsaya yana jiran faɗa. Ya fi son ta yi, ta tuna masa shekarun haya, ta kira shi da duk sunan da ya dace, a gaban leburori da mai faci da kowa. Ta goge hannunta da gefen zani, ta dube shi sama da ƙasa, wandonsa duk taɓo, gilashinsa ya karkace.

"Ka karya kuwa kafin ka fito?"

Ya ce ya karya, alhali ko ruwa bai sha ba.